Ranar da Muka Gode wa Mai Gwangwani

Ran Juma'ar da ta wuce 'yata ta zo gaishe ni da yaranta, ta ajiye mini leda a gefen katifa kamar yadda ta saba. 'Yata nake ce mata ko da yake ba ni na haife ta ba, kuma ba ni kaɗai ke kiranta haka a unguwar nan ba. A ledar akwai dabino, da turaren wuta, da wani faffaɗan gwangwanin biskit. Na juyo murfin don in ga irinsa, sai ga fuskar nan tana kallona: gashin baki kamar tsintsiya, kumatu jajaye, da murmushin wanda aka ce masa ya yi murmushi. An daɗe da cire wannan fuska daga kayan kamfanin, ashe sun dawo da ita don tunawa da shi. Ƙaramar jikata ta karɓa tana karanta mini rubutun Larabcin da ke baya, wai wannan shi ne Baturen Ingila da ya kafa kamfanin, attajiri mai sarauta, mutumin da ya ciyar da al'ummai. Dariya ta kama ni har tari ya sarƙe ni. Yarinyar ta tsorata, ta ce, "Sitti, esh fi? Lafiya?" Sitti suke kirana, wato kaka. Na ce mata lafiya lau, tsohon sani na gani.

Yaran yanzu sun buɗe ido sun ga Jidda da manyan kantuna masu sanyi, inda mutum zai tura keken ƙarfe yana lodin kaya kamar ba gobe, in ya ga gwangwani ya ɗan lotsa ya ture shi gefe ya ɗauki na bayansa. Ba wannan Jiddar na sani ba. Na zo aikin Hajji da mijina ina da ƙuruciya, guzuri ya ƙare, muka ce bari mu ɗan zauna mu nemi na jirgi, ga shi har yau ana nema. Muka sami ɗaki a Sa'alaba, cikin wani lungu da duk Hausa ake yi, gidajen bulo da rufin kwano, zafi mai danƙo da ke sa zani ya manne a jiki. Da asuba kukan jakin mai sayar da ruwa ke tashe mu, sai ƙahon jiragen ruwa daga tasha, sai ƙarar turmin matan da ke dakan yajin tsire. Kuɗin mai ya fara ambaliya a garin, ana gini ko'ina, jirage sun yi layi a teku suna jiran a sauke musu kaya. Mu dai ƙamshinsa muke ji. Babu iƙama, wato takardar zama, babu kafilin da zai tsaya mana, in ka ji an ce motar kame ta shigo lungu kowa ya nemi ƙarƙashin gado.

Aikin da na samu a wani sito ne can Khumra, inda ake tara kayan wannan Baturen: madarar gari, biskit, jam, ganyen shayi. Da yake kayan kan daɗe a teku kafin a sauke, kwalaye sukan iso a jiƙe, wasu a fashe. Mu mata sai mu zauna a kan tabarmi mu zazzage, mu goge tsatsa da tsumma, mu maida takardar da ta ɓanɓare da gam, mu jera masu kyau a sabon kwali. Tun safe har la'asar ba ka jin komai sai ƙwal-ƙwal ɗin gwangwani da hirar mata, wata tana ba da labarin garinsu, wata tana gyangyaɗi ana zungurinta. A jikin kowane gwangwani akwai fuskar nan. Na goge wa mutumin nan gashin baki fiye da yadda na wanke fuskar ɗan da na haifa. Ba mu iya faɗin sunansa ba, ba mu kuma wahalar da kanmu ba, Mai Gwangwani muke ce masa.

Wanda ya kumbura a jefar da shi, wannan kowa ya san guba ne. Amma wanda ya lotsa kawai, bakinsa a rufe, abin ciki lafiya lau, kantuna ba sa karɓa. Mai tsaron siton, wani tsohon Bayamane mai ido ɗaya, shi ke tara irin waɗannan a bayan ƙofa. In an tashi aiki ran Alhamis sai ya juya mana baya ya kama gyaran shisharsa, yana cewa, "Yalla, yalla, ni ban ga komai ba." Kowace ta ɗauki abin da zai shiga ƙullin mayafinta. Babbarmu, wadda kowa ke kira Gwaggo, ita ta sa wa abin suna. Ta ce a garinsu in an gama tonon gyaɗa, mai gona yakan bar abin da ya saura a ƙasa ga mata da marasa ƙarfi, su bi suna tsinta, ana ce masa kala, kuma mai gonar da ya hana kala ko gaisuwarsa ba a amsawa da daɗi. Ta ce to wannan ma kala ce. Da kalar nan lungunmu ya san ɗanɗanon shayi da madara, da ita ake karɓar baƙo, da ita ake kai wa mai jego.

Gwaggo tsohuwa ce doguwa, baki ja wur da goro. Da ƙafa ta zo ƙasar nan tana yarinya, ta Sudan, ita da iyayenta, kuma ba ta yarda a manta cewa kakanta mai gari ne ba. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ɗakinta ba ya rabuwa da 'ya'yan mutane. Wata safiya wata maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa ta bar mata jaririyarta ta ce za ta je bakin kasuwa ta dawo. Aka yi kame a ranar, aka haɗa da ita, aka sa su jirgi. Ba mu sake jin ɗuriyarta ba, duk da saƙon da muka yi ta bayarwa a hannun alhazai. Jaririyar ko zama ba ta fara ba. Gwaggo ta goya ta, ta riƙa zuwa da ita sito, tana dama mata madarar kala a kwalba. Mu kuma muka riƙa bar mata duk gwangwanin madarar da ya lotsa, mu ɗauki jam da biskit. Yarinya ta yi ɓulɓul, muka sa mata 'Yar Kala. Ita ce wadda ta kawo mini leda ran Juma'a.

Labarin Mai Gwangwani a bakin magatakardan siton muka ji, wani Bahaushen Sudan da muke kira Ustaz, wanda ya iya Turanci kuma yake ji da hakan. In ya fara zancen mutumin nan har idonsa ƙyalli yake, kai ka ce kawunsa ne. Wai ubansa mai gashin burodi ne a wani gari mai hayaƙi, tanda ɗaya tal. Da babban yaƙin Turawa ya tashi, ɗan ya sami kwangilar yi wa soja biskit, 'ya'yan mutane suna mutuwa a rami shi yana ƙara tanda. Da aka gama yaƙi ya bi masana'antun maƙwabtansa yana saye ɗaya bayan ɗaya, wadda ya saya ya rufe ta ya sallami ma'aikata, har ya zama in za ka sha shayi a ƙasarsu sai ka biya ta aljihunsa. Ya yi wa masu mulki hidima, su kuma suka kai sunansa fada, aka ba shi sarauta irin wadda ɗa namiji ke gada. Yana da dawakai, yana da gidan da in ka shiga sai an nuna maka hanyar fita. Ustaz yana faɗin wannan duka a matsayin yabo. Ni ko a lokacin abin da na ji shi ne labarin kura da ta sami garke babu makiyayi, amma wa ya tambaye ni.

Kalmar sarauta ita ta shiga kunnen Gwaggo ta zauna. Da aka ce mutumin zai zo Jidda da kansa ya ga siton, sai ta tara mu a tsakar gidanta bayan la'asar.

"Shekara da shekaru muna cin kalar bawan Allahn nan," in ji ta, "ko sannu ba mu taɓa ce masa ba. Wannan ba tarbiyya ba ce. Yaba kyauta tukuici."

Wata ta ce, "Gwaggo, anya ya san muna ɗauka?"

"Ke, akwai mai gonar da bai san ana kala a gonarsa ba? Kawaici ne irin na manya. Mai sarauta kuwa ba a zuwa gabansa hannu sake, kuma in ka kai masa gaisuwa ba ya barinka ka tashi haka nan. In ya ga yarinyar nan, wa ya sani, ko ya yanka mata kwali guda duk wata."

Muka ga maganarta a kan hanya take, don mu ma haka muka taso muka ga ana yi. Ustaz ne kaɗai ya yi tsalle da ya ji. Ya ce, "Gwaggo, wallahi ki bari. Wannan khawaja ne, Bature, ba irin sarakunanku ba ne." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ai girma ba shi da yare, kuma ba yaron da aka haifa jiya ne zai koya mata gaida manya ba. Ta kwana biyu tana shiri. Ta tuƙa tuwon madara da madararsa, ta yanka shi gida-gida, ta sami gwangwanin da ya fi kowanne girma cikin na kala, ta wanke shi da toka har yana ɗaukar ido, ta jera a ciki. Lotsawar gwangwanin ta bi ta tsakiyar goshin hoton, amma mu ido ya saba, ko lura ba mu yi ba.

Ranar zuwansa an shafe siton da farar ƙasa, an kori kyanwoyi, an lulluɓe tarin lotsattsun da tamfol. Aka raba mana fararen riguna, aka ce da yamma za a karɓa. Aka jera mu kamar buhuna, aka ce kowa ta sunkuyar da kai. Da hantsi motoci suka tsaya. Ni ina jiran in ga ƙaton mutum mai jajayen kumatu, sai ga wani ɗan tsoho a bushe, fata kamar tsohuwar takarda, gashin bakin ma ya zube ya bar kufai. Yana toshe hanci da hankici. Bayansa wani yana riƙe da goran ruwan zafi da ɗan kwano a rufe, wanda daga baya Ustaz ya gaya mana farar shinkafa ce ba gishiri, ita kaɗai cikinsa ke karɓa. Mai ciyar da al'ummai ke nan, ko biskit ɗinsa ba ya iya haɗiyewa. Ya bi ta gabanmu yana duban rufi, yana duban kwalaye, yana duban agogo. Ban ga idonsa ya sauka a kan mutum ko ɗaya ba.

Sai Gwaggo ta fito daga layi. Tsohuwar nan da gwiwa ke damunta ta durƙusa har ƙasa, yarinya a goye, ta ɗaga gwangwani da hannu biyu. Wata daga bayanmu ta rangaɗa guɗa. Wakilin kamfanin da ke rakiyar Baturen ya daka tsawa, tsohon Bayamanen yana raɗa, "Uskuti ya Hajja, uskuti," wai ta kama bakinta, amma bakin alƙalami ya bushe. Baturen ya tsaya, ya yi wa Ustaz alama da yatsa ya zo ya fassara.

"Ranka ya daɗe," in ji Gwaggo. "Gona taka, kala tamu. Mun ci, mun sha, mun gode. Allah ya ƙara girma, Allah ya ja zamani." Ta kwance goyo ta juyo da yarinyar gabansa. "Ga 'yarka. Ba ta da uwa, da madararka ta rayu."

Ustaz ya fassara, gumi yana bin wuyansa. Yarinyar ta miƙa hannu tana son kama sarƙar agogon mutumin, tana dariya. Wallahi bai dube ta ba. Gwangwanin ya ƙura wa ido. Ya sa hankici ya karɓa, ya juya shi, ya bi lotsawar nan ta goshinsa da ɗan yatsa a hankali, kamar mai shafa ciwo. Ya yi magana.

Ustaz ya ce, "Yana tambaya a ina kika sami wannan."

Gwaggo kuwa ta saki baki ta faɗa masa komai, da alfahari. Ta nuna tamfol, ta nuna mu, ta nuna tsohon Bayamanen ta ce mutumin kirki ne, mai tsaro nagari, a riƙe shi da kyau. Na dubi tsohon na ga ya runtse idonsa mai gani. Baturen ya saurara har ƙarshe. Ya juya ya yi wa wakilin kamfanin magana gajeriya, ba faɗa, ba ɗaga murya. Sannan ya yi wa Gwaggo murmushin nan na jikin gwangwani, ya gyaɗa kai, ya ɗora gaisuwarta a kan wani kwali ko murfin bai buɗe ba, ya goge yatsunsa ya wuce. Gwaggo ta tashi tana fara'a ta tambayi Ustaz me ya ce. Ustaz ya ce, "Ya ce ya gode." Sai da aka karɓe fararen rigunan da yamma ya zo ya tsuguna gabanta ya faɗi gaskiya. Abin da mutumin ya ce shi ne, gwangwanin da ya lotsa sunansa ne ya lotsa, kuma kada a sake ganin fuskarsa a lotse a hannun kowa.

Gwaggo ba ta yarda ba. Ta ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, Ustaz ne ya murɗe magana, ko wakilin ne ya ƙara gishiri. Tana kan wannan har ranar da aka kawo katafila. An sallami tsohon Bayamanen, an ce Gwaggo kada ta sake taka siton, amma ranar ta zo ta tsaya a bakin wayar shingen siton tare da mu. Aka haƙa rami a bayan sito, aka yaye tamfol, aka kwashe tarin nan aka zuba. Katafila ta hau. Har yau in na ji an taka gwangwanin lemo a titi sai gabana ya faɗi. Madarar gari ta tashi sama fari fat, ta sauko mana a mayafi da gashin ido, muna lasar zaƙinta a leɓe. Jam ya malale, ƙudaje suka taru. An sa wani mai sanda ya tsaya kada wata ta tsinci ko ɗaya. Fuskar mutumin nan ce birjik a cikin ramin, ƙarfe yana bi ta kanta yana dawowa, kuma shi ya ba da umarnin. Ya gwammace katafila ta tattake masa fuska da a gan ta a hannun matalauciya. Gwaggo ta daɗe tana kallo, yarinya tana atishawa a bayanta. Can ta tofar da goro ta ce, "Ashe rawani ne kawai, babu kai a ciki." Daga ranar ban sake jin ta ambaci kakanta mai gari ba.

Akwai waɗanda suka ce laifin Gwaggo ne, da ta yi shiru da ana nan ana ci. Ni ban taɓa faɗin haka ba, kuma ba zan faɗa ba. Tsohuwa ta ci abin mutum ta ce ta gode, in wannan ya zama laifi to a nemi mai laifin a wani wuri. Abin da ya dame mu a lokacin ba neman mai laifi ba ne, yarinyar ce. Gwangwanin madara ɗaya ya rage a ɗakin Gwaggo. Na kanti ya fi ƙarfinmu, in mun haɗa hannu mun sayi ɗaya, kafin mu juya ya ƙare. Gwaggo ta riƙa ƙara ruwa tana rage gari har abin ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Aka gwada kunu, cikin yarinyar ya ƙi, ta kama gudawa. Kumatun nan suka zube, wuya ya yi tsawo, kukanta ya koma kamar na 'yar kyanwa. Ɗakinmu yana jikin nasu, ina jin ƙarar cokali yana kankare gindin gwangwani, alhali na san babu komai a ciki.

Mai karatu zai ce, to ba masu shayarwa a lungun? Akwai, ni ma ina ciki, ɗana na fari yana nono. Amma mu ba mu saba ba wa ɗan wani nono haka kawai ba. Nono zumunta yake ƙullawa, wanda ya sha tare da kai ya zama ɗan'uwanka, aure ya haramta har abada. Lungunmu kuwa ƙarami ne, ba mu da takarda, ba mu da dangi, 'ya'yanmu junansu za su aura, kowa ya san haka. Ga mazaje da ba sa so. Ga mu kanmu a rame, wadda ta wuni tana goge gwangwani da ruwan shayi a ciki, nata ɗan ma da ƙyar yake ƙoshi. Kowace tana jin kukan, kowace tana kawar da kai tana jiran wata ta fara.

Wata la'asar ina tankaɗe a ƙofar ɗaki sai ga Gwaggo da yarinyar a hannu. Ban ankara ba na ga tsohuwar nan, sa'ar kakata, ta durƙusa a gabana kamar yadda ta yi a sito. Na zabura na ce, "Subhanallahi, Gwaggo, tashi, kada ki ɗora mini alhaki."

Ta ce, "Bar ni. Na durƙusa wa wanda bai kai ba, gwiwar ba ta karye ba. Ke kin kai."

Mijina yana daga ciki ya leƙo ya ce, "Kin san abin da za ki yi? Ƙanwa za ki ba ɗanki."

Na ce, "To ya samu." Na karɓe ta. Ba ta da nauyin kaza. Ta kama da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, ina jin zafi har cikin ƙashin bayana, ina kuka, Gwaggo tana kuka, mijina ya koma ciki. Da ta ƙoshi ta yi barci, Gwaggo ta karɓe ta ta ce ni kaɗai ba zan iya ba, ta wuce ƙofa ta gaba.

Haka ta bi lungun nan ɗaki-ɗaki. Wasu sun rufe ƙofa, ba zan ɓoye ba, amma waɗanda suka buɗe sun fi yawa. Aka raba yarinya kamar yadda ake raba aikin gayya: mai dakan yaji ta ba ta da safe, matar mai wanki da rana, ni in na dawo daga sito. Ana miƙa ta ta kan katanga daga gida zuwa gida, a naɗe cikin zani. Har wata Bahabashiya da ke ƙarshen lungu, wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan, ta zo da kanta ta nuna ƙirjinta ta miƙa hannu. Masu tuwo suka riƙa ƙara mana a kwano don nono ya kawo. Kafin a yi nisa kumatu suka dawo, ta fara rarrafe tana jan zanin duk wadda ta gani, don a wurinta kowace mace a lungun abinci ce. Gwaggo ta rayu har ta ga ta shiga makarantar allo.

Abin da muka ji tsoro kuwa bai fasa zuwa ba. Da 'Yar Kala ta isa aure, kyakkyawa son kowa, duk saurayin da ya taso daga lungun sai mu tsofaffi mu zauna mu tuna wa ya sha nono da ita, a ƙarshe a ce masa ya yi haƙuri, yayanta ne. Wani ya yi fushi ya bar gaishe ni shekara guda, wai mun cuce shi tun yana zanin goyo. Ita ma ta sha kuka, ta ce mun mayar da ita 'yar'uwar duniya. Sai daga unguwar Waziriyya aka samo mata miji, bayan an bincika an tabbatar uwarsa ba ta taɓa kwana a Sa'alaba ba. Ranar ɗaurin auren, da aka tambayi waliyyi da 'yan'uwan amarya, maza suka miƙe har liman ya ce a zauna haka nan, ya gamsu.

Shi kuwa Mai Gwangwani, Ustaz ne ya kawo mini ƙarshen labarinsa, bayan shi ma ya tsufa ya daina ƙyallin ido. 'Ya'ya mata ya bari, sarautar kuma ba ta bin mace, sai aka binne ta tare da shi. Kamfanin da ya haɗiye na mutane, wani da ya fi shi baki ya haɗiye shi. Gidan nan da ake ɓata a ciki ya zama masaukin baƙi. Ba na murna da mutuwar kowa, hanya ce da ke jiran kowa, ni ma ga ni a bakinta. Amma kada a ce in girmama shi. Na ga masu rowa a rayuwata, na ga wanda ke kulle tukunya da kwaɗo, amma wannan shi kaɗai na gani an kawo masa godiya har ƙasa, da jaririya a hannu, ya duba bai ga komai ba sai goshinsa. Siton ma an rushe shi, an ce wajen ajiye manyan motoci ne yanzu, suna fakawa a kan ramin.

Duk wannan ban faɗa wa jikokina ran Juma'a ba, Hausarsu ba ta kai ba, Larabcina kuma ba ya ɗaukar irin wannan zance. Uwarsu dai ta gane fuskar da ta ga ina dariya. Ta dafe baki ta ce, "Inna, wallahi ban duba ba. Kawo in mayar, halas, shi ke nan."

Na ce, "A'a, bar shi. Ba a mayar da abinci."

Na sa yarinyar ta miƙo mini taɓaryar ƙaramin turmina. Na ɗora gwangwanin a ƙasa, sabo fil, ko ƙwarzane babu, na daidaita, na sauke masa ita a tsakiyar goshi. Yaran suka yi ihu, suna zaton Sitti ta zautu. Na buɗe murfin, biskit bai ko karye ba. Na ce su fita lungu su kira duk yaron da suka gani, ɗan kowa ne, kowa ya zo ya sa hannu ya ɗiba.

Jikata ta ce, "Sitti, sadaka ce?"

Na ce, "Kala ce. Tambayi uwarki."